Riga Marar Aljihu

Kekena na baranda, a kasuwar Kassala,
jikin kantin wani Ba'indiye mai sayar da yadi.
Shekara goma sha tara ina taka shi a nan.
Kakana Makka ya nufa daga Haɗeja,
guzuri ya ƙare, Dutsen Taka ya riƙe shi.

Taga ɗaya ce tsakanina da tsakar gidansu.
Ran Juma'a da hantsi, babu makaranta,
tsohuwa Kasturben kan share ƙasa a hankali,
kamar mai tsoron tada barcin wani,
ta zaunar da Jinesh da ƙanwarsa Hiral,
ta ɗaga hannu kamar mai ƙirga bashi.

Yarensu ban iya ba, sai na ciniki.
Hiral ce ta warware mini da Larabci,
ran da ta kawo ɗinkin rigar 'yartsana,
ladana ƙwallon dabino biyu da ta tsotse.

Ta ce, "Ammu Ilu, gaisuwa ce guda biyar.
Babban yatsa na waɗanda suka ci yaƙi,
yaƙin da ba a zubar da jinin kowa,
fushi da kwaɗayi suka kayar.
Manuni na waɗanda suka sauke kaya,
sun isa, ba sauran komowa.
Na tsakiya madugai ne.
Wannan na masu koyar da karatu.
Ƙaramin kuwa..."
Sai ta ciji leɓe.
Muryar tsohuwa ta faɗo ta taga:
"Duk mai tafiya ba takalmi don kada ya cuci rai,
ko a wace ƙasa yake!"

Na ce, sunan wa kuke kira?
Ta ce babu suna.
Na ce, to me kuke roƙo?
Ta kalle ni kamar na tambayi kuɗin iska.

Jinesh ne mai gardama.
Wata Juma'a na ji ya buga ƙafa,
daga baya ƙanwar ta kawo mini tsegumi.
Cewa ya yi bai taɓa ganin ko ɗaya ba.
Kaka ta ce ba za su zo ba,
ba sa hawa jirgi, ba sa hawa mota,
ga Bahar Maliya a tsakani.
"To in na girma na je, yaya zan gane na gaskiya?"
Ta ce, "Zage shi, ka duba fuskarsa.
Yabe shi, ka sake dubawa.
In ta canza, ɗauki takalminka.
Yakan karɓi loma kaɗan a kowane gida
don kada tukunyar kowa ta ji zuwansa.
Sannan ka duba tufarsa:
ba ɗinki, balle aljihu."

Na yi dariya har allura ta soke ni.
Da duniya duk haka take, da yunwa ta kashe tela.

Sai dariyar ta tsaya a wuya.
Malam Gambo na Mai Wurno ya faɗo mini,
wanda ya kama yatsana a kan baƙi da wasali.
Jallabiyarsa ɗaya, aljihun a huje.
Da na koyi ɗinki na ce, Malam, kawo in toshe.
Ya dafe wurin da tafi, ya ce,
"Bar ta, Ilu. Ƙofar fita ce."
Ran da ya rasu, carbi muka samu da rabin goro.

Ga shi yau a kan kekena
jallabiyar wani mai wa'azi, farar siliki,
ya ce aljihu huɗu, na ciki da zif,
kuma a zurfafa.

Ladan ya kira. Na lulluɓe keke.
Hanyarsu daban, alƙiblata daban,
ban taɓa ɗaga yatsu biyar ɗin nan ba.
Amma a bakin baranda, inda sukarin jabana ya zube,
tururuwa sun ja ayari zuwa gindin bango.
Na tattare riga,
na tsallaka.